Yadda Na Bi Dorawata Har Dutse

Tun da na dawo daga Dutse ƙofar ɗakina ba ta rufu ba. Wannan ta shigo, "Gwaggo Tabawa, ya hanya?" Kafin ta tashi wata ta yi sallama. Na faɗa har muryata ta dushe, kuma kowacce in ta fita sai ta ƙara nata gishirin. Shekaranjiya a bakin rijiya na ji ana cewa wai jirgin sama na hau, wai kuma na fasa talabijin ɗin ofis da sanda. Shi ya sa na zaunar da 'yata Ladidi, na ce ɗauko biro, ina faɗa kina rubutawa, kuma kada ki gyara mini komai. Ni ban shiga aji ba, amma ba a taɓa cewa in maimaita zance don ba a gane ba.

Dorawa ce ta kai ni. Gonar da na gada wajen mahaifina tana gabas da garinmu, a ƙasar Miga, kuma a kusurwarta ta arewa akwai wata tsohuwar dorawa. Da kalwarta nake daddawa tun ina amarya. Duk wanda ya sha miyar kuka mai daɗi a garin nan ya san daga inda ƙanshin ya fito.

Bana aka ce za a auna gonaki da na'ura, a shigar da kowacce cikin kwamfuta da sunan mai ita. Na'urar kamar waya take, sai dai ta fi kauri. Mai awo zai riƙe ta ya bi iyakar gona a ƙafa, duk inda ya taka ta zana, in ya dawo inda ya fara sai hoton gonar ya fito. Malamin gonar da aka ba yankinmu kuwa Malam Isiyaku ne, mijin Ladidi. Surukina ke nan. Mutum ne mai kunya, tun da ya auri 'yata ban taɓa ganin tsakiyar idonsa ba.

Ranar awo na je na tsaya a gindin dorawa don kada a yi kuskure. Hankalina yana sama, ina duban yadda ta yi 'ya'ya bana. Shi kuwa ya yi awonsa, daga can nesa ya durƙusa ya gaishe ni, ya wuce.

Da aka nuna wa kowa hoton tasa a ƙofar mai gari, sai ga gonata kamar wainar da aka gatsa. Kusurwar arewa babu ita. Dorawa ta faɗa waje. Yalwa, matar mai gonar da ke jikin tawa, ta tare ni a hanya.

"Gwaggo, ashe dorawar nan tamu ce. Shekara da shekaru ina sayen daddawa a hannunki, ashe tawa nake saye."

Tana faɗa tana dariya, amma washegari aka gan ta tana share gindin bishiyar. 'Ya'yan dorawa kuwa sun kusa bushewa, lokacin kaɗo ya matso.

Na aiki Ladidi ta tambayo mijinta. Ta dawo ta ce ya ce na'urar ce ta yi ƙarya, shi dama tun farko ba ya son ta, igiya ta fi, kuma gyara sai a Dutse, can ma aka kira su bita da sauran malaman gona. Ya tafi. Na ɗaure kayana na bi bayansa, ban gaya masa ba. Na ƙulle daddawa mai yawa a tsumma, don ba a zuwa wajen manya hannu biyu.

Ɗan acaba ne ya kai ni Miga. Ya ce in zauna irin ta maza, na ce ya je ya gaya wa uwarsa. Na zauna a karkace, shi ma babur ɗin ya tafi a karkace, muka shiga yashi muka kwanta tare a hankali kamar masu shirin hutawa. Ba wanda ya ji ciwo. Da muka tashi shi ya koma gefen kujera ya zauna a karkace don mu daidaita, haka muka shiga Miga mutane suna kallo.

A tasha na samu bas mai zuwa Dutse. Ba mu yi nisa ba rana ta bugi ƙullina. Wani mai jar hula ya fara zuge gilashi. Wata mai goyo ta leƙa bayanta ta duba jaririn. Direba ya waiwayo.

"Iya, me ke cikin kayan nan?"

"Abin da uwarka take sa maka a miya."

"Allah ya ba ki haƙuri. A sa shi a but mana."

"A sa ka a but."

Bayan Jahun muka iske shinge, an gicciya itace, ga masu kaki. Na tambayi mai jar hula ko nan ce iyakar ƙasar Dutse, don in gyara zama. Ya ce a'a, bincike ne kawai. Ɗaya daga cikinsu ya sako kai ta taga yana tambayar me aka ɗauko. Bai ƙarasa ba ya janye kan, ya ɗaga mana hannu mu wuce. Direba ya ce tun da yake bin hanyar nan ba a taɓa sallamarsa da sauri haka ba, ya tambaye ni ko yaushe zan dawo.

A Kiyawa wani dattijo ya shigo da nannaɗaɗɗiyar igiya a kafaɗa, ya zauna kusa da ni. Ya shaƙi iska ya ce, "Wannan ta kalwa ce tsantsa, ba haɗin waken suya." Nan take na san mutumin kirki ne. Sunansa Malam Garba, shi ma malamin gona ne, bitar nan za shi, da gangan ya makara. Na ba shi labarina.

"Hajiya, ai ba ke kaɗai ba ce," in ji shi. "Ni gonar wani ta yi wa wutsiya. Kin taɓa ganin gona da wutsiya? Igiyar nan da kike gani, da ita na yi furfura. Ba ta neman caji. Ba ta cewa sai ta ga sararin sama. Gobe a gaban kowa zan ajiye musu abarsu a kan tebur."

Na ce Allah ya yi maka albarka, gobe muna tare.

Dutse gari ne da aka gina a tsakanin duwatsu, manya-manya, wani a kan wani kamar za su gangaro, kuma ba wanda yake ɗaga kai ya dube su sai ni. Abin da ya fi ba ni mamaki mutanen. Sai ka wuce mutum kafaɗa da kafaɗa, bai ce maka ba ka ce masa ba. Ni dai na yi nawa. Daga tasha zuwa inda na hau adaidaita na gaida duk wanda na gani, wasu suka amsa, wani ya tsaya yana tunanin inda ya san ni, wata kuma ta riƙe jakarta da kyau.

Gidan Zulai na sauka, 'yar ƙanena, tana aikin asibiti. Gida ne mai kyau, katanga doguwa, amma da na tambaye ta sunan maƙwabciyarta sai ta ce wallahi ba ta sani ba. Na ce to in gishiri ya ƙare fa? Ta ce kanti. Ta kai ni banɗaki ta nuna mini wata farar kujera mai ruwa a ciki. Wannan ba zan faɗi yadda muka ƙare da ita ba, Ladidi ma ta ɗaga biro. Katifar da aka ba ni kuwa ina kwanciya ta haɗiye ni, na nemi hanyar fita na rasa, sai da na mirgino ƙasa na shimfiɗa zanena a kan siminti na samu barci. Tuwon Zulai ba laifi, amma miyar da dunƙulen kanti ta yi ta. Na ci don zumunci.

Da safe ta sa aka kai ni ofishin da ake bitar. Babban ɗaki ne mai sanyi kamar randa, cike da malaman gona daga ko'ina, ga hayaniya. Ina yin sallama idona ya faɗa kan Malam Isiyaku. Shi ma ya gan ni. Sai kawai ya zame daga kan kujera ya durƙusa a ƙarƙashin tebur, na kusa da shi suka fara duba ƙasa ko wani abu ya yar.

Mai koyar da su mace ce, Injiniya Maryam, ba ta kai Ladidi shekaru ba. Ta tarbe ni da fara'a.

"Sannu da zuwa, Mama. Wa kike nema?"

"Dorawata."

Na ba ta labari, na miƙa mata ƙullin. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa aka kai shi mota aka rufe. Aka ba ni kujera a gaba.

Ashe faɗa na tarar. Malam Garba ya riga ya ajiye na'urarsa a kan tebur kamar yadda ya yi alkawari, wasu sun bi shi. Wani ya ce tana cin caji. Wani ya ce manoma suna cewa leƙen asiri ce. Wani dogo ya ce shi babban yatsansa ya fi maɓallin girma, in ya danna ɗaya uku ke dannuwa. Duk dai maganarsu ɗaya ce, abar tana ƙarya.

Injiniya ba ta yi musu ba. Ta kunna majigi, ta haska hotunan gonakin da suka auna a jikin bango. Na farko na Malam Garba ne. Gona ce sosai mai kusurwa huɗu, amma daga gefe ga wani siririn abu ya fita ya yi nisa ya dawo.

"Baba, wannan wutsiyar fa?"

"Ita za ki tambaya."

Wani daga baya, ɗan garinsu, ya miƙe ya ƙura ido. "Malam, wannan ba hanyar ƙofar Limamin garinmu ba ce?"

Malam Garba ya ce, "To Liman yana zaune a ƙofar gidansa, ina wucewa. In wuce shi kamar ban gan shi ba?"

"Da na'urar a hannu ka je?"

"A aljihu na sa ta. Ina ta san inda na je tana cikin aljihu?"

Aka fashe da dariya. Aka nuna na gaba, ita ma da wutsiya, amma ƙarshenta ya yi ƙulli. Mai ita ya ce an kira azahar ne. Ta dogon nan kuwa wutsiya biyu gare ta, duka sun nufi wuri ɗaya, na kusa da shi ya ce ya san wurin, mai shayi ne. Kowa na dariyar ɗan'uwansa har a zo kan tasa.

Sai aka hasko tawa. Ba wutsiya, sai gatsa. Kowa ya san abin da ke ƙara wa gona, ba wanda ya san abin da ke cinye ta.

"Malam Isiyaku, me ya faru a nan?"

Daga ƙarƙashin tebur murya ta fito. "Na'urar ce."

Malam Garba ya samu ƙarfi. "Kun ji ko? Wannan dai ba Liman, ba shayi."

Injiniya ta ce to a fita a gwada. Kafin nan aka kawo abinci, shinkafa a cikin wasu fararen kwanuka marasa nauyi, da cokalin roba. Na kai cokalin kan nama ya karye, ɓarin ya tashi ya faɗa a kwanon dogon nan. Na wanke hannuna na ci kamar mutum.

A bayan ofis akwai fili, aka jera duwatsu a kusurwa huɗu, aka ce Malam Isiyaku ya zagaya da na'urarsa kowa na gani. Ni kuwa ba na son a ba ni labarin abin da zan iya gani da idona, sai na je na tsaya a kan dutsen kusurwa. Ya taso tiryan-tiryan yana bin layi. Ya bi gefe na farko, ya bi na biyu. Da ya doso inda nake sai tafiyar ta ragu. Ya sunkuyar da kai. Ya cire takalmi ya riƙe a hannu. Sai ya yanke ta cikin fili ya yi wani babban lauje, ya durƙusa daga nesa ya ce, "Barka da rana, Inna," ya je ya kama layi a can gaba.

Aka duba na'ura. Gatsa ta fito, irin ta gonata sak.

Malam Garba ya dube shi, ya dube ni. "Hajiya, yaron nan me yake gare ki?"

"Mijin 'yata ne."

Ban taɓa ganin manyan mutane da furfura suna dariya har suna dafa juna haka ba. Dogon nan sai da ya zauna a ƙasa. Malam Isiyaku ya tsaya da takalmi a hannu yana kallon katanga. Ni ban yi dariya ba, don ban ga laifina ba. Gonata ce, dorawata ce, inda na ga dama nan zan tsaya.

Da aka lafa Malam Garba ya koma ciki ya ɗauko na'urarsa daga kan tebur. Ya ce kowa ya matsa, kada wanda ya girme shi ya tsaya kusa. Ya zagaya filin bai kalli kowa ba. Sannan ya warware igiyarsa, shi da dogon nan suka auna. Ya daɗe yana duban wannan yana duban wancan.

"Abar nan ba ta ƙarya," in ji shi. "Gulma ce da ita." Ya juya ta a hannu. "Amma kun san wani abu? Duk rabon gadon da na auna, sai wani ya ce na ja igiya ta saki a wajen yayansa. Yanzu sai in nuna masa ƙafata a zane, ya je ya yi faɗa da ita."

Ya sa ta a aljihu. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya suka kwashe nasu, har da mai babban yatsa, wanda Injiniya ta ce ya riƙa dannawa da ɗan ƙaramin.

Saura tawa. Injiniya ta ce gyaran ba wuya, za a sake awo. "Sai dai ranar ki zauna a gida, Mama."

"A auna dorawata ba na nan? Haka aka yi wa wata a garinmu, da ta dawo ko kuka ba ta tarar ba."

"To ki tsaya daga nesa."

"Daga nesa idona ba ya gani."

"Malam Isiyaku, to kai ka daure ka wuce ta gabanta. Sau ɗaya ne."

Malam Garba ya ce, "Injiniya, wannan ko kora za a yi masa daga aiki ba zai iya ba. Ni ma ba zan iya ba, kuma tawa surukar ta rasu."

Sai Malam Isiyaku ya matsa kusa da Malam Garba, ya yi magana ƙasa-ƙasa yana kallon ƙafarsa, amma na ji.

"Baba, igiya ce ke son mutum biyu. Wannan ɗaya ya isa. A tambayi Inna ko za ta riƙe da kanta."

Injiniya ta yi tunani ta ce ba abin da ya hana, in dai shi ya kunna kuma shi ya kashe. Ta juyo gare ni. "Amma Mama, ko wa kika gani, kada ki kauce daga iyaka. Kuma kada ki rufe ta, tana son ganin sama."

Direban nan na sake samu a dawowa. Ya leƙa hannuna ya ga ba ƙulli, ransa bai so ba. Mun daɗe a shingen.

Ranar sake awo rabin gari ya fito kallo. Malam Isiyaku ya danna na'ura, ya ajiye ta a kan faifai a bakin gona, ya ja da baya har gindin wata tsamiya can nesa, ya zauna. Ladidi ta ce tun da aka fara aikin nan ba ta ga fuskarsa a sake haka ba. Na naɗa gammo, na ɗora faifan a ka don ta ga samanta da kyau, na kama layin gamban iyaka.

Na san halina. In bakina ya fara gaisuwa ƙafata bin sa take yi. Don haka na kulle shi gam. Ƙawata Kande ta kira ni, ban waiwaya ba. Matar mai gari ta ce sannu da aiki, na wuce. Sai ga Limamin garinmu a kan turba, da carbinsa, ya tsaya.

"Gwaggo Tabawa, barka da hantsi."

Ƙafata ta hagu ta fara karkata da kanta. Na dawo da ita. Na wuce Liman ido a gaba, faifai a ka, kamar wadda ba ta taɓa ganinsa ba. Na ji mata suna salati a bayana.

A gindin dorawa Yalwa na tsaye. Iyakar ta bi ta bayan bishiyar ne, inda ƙaya ta yi yawa. Na kutsa. Ƙaya ta kama zanena, na ja, ta yage gefe, ban kauce ba. Na zagayo na dawo inda na fara, na sauke faifai, na ja da baya don mai kashewa ya samu zuwa.

Hoto ya fito da kusurwa huɗu cif, ba wutsiya, ba gatsa. Aka miƙa wa Yalwa ta daɗe tana kallo, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa.

"Dama wasa nake yi, Gwaggo."

"Na sani. Na gode da shara."

Ko gida ban shiga ba na wuce ƙofar Liman, da yagaggen zanena, na durƙusa na kawo gaisuwar da na riƙe tun hantsi, na haɗa da ban haƙuri. Ya bar ni na gama tsaf.

"An ce a Dutse kika koyo wuce mutane."

"Na'ura ce, Allah gafarta Malam."

"Haka kowa yake cewa yanzu." Ya ja carbi. "Dorawar dai tana ciki?"

"Tana ciki."

"To na yafe. In an kaɗo a tuna da miyar gidan nan."